Yaron Nan Na Wane Ne?

Karatu: Fitowa 2:1-10, Markus 10:13-16

Ɗan'uwana mai karatu, na tabbata ka sha halartar sujadar da ake kawo jariri gaban Ubangiji. A wasu ikkilisiyoyinmu baftisma ake yi masa, a wasu kuma miƙa shi ake yi da addu'a, amma tsarin ranar kusan ɗaya ne. Uwa ta ci ado, uba ya sha babbar riga, zumuntar mata sun kewaye su da waƙa da guɗa. Fasto ya karɓi jaririn, ya yi wa iyayen tambayoyi, sa'an nan ya juyo ga jama'a ya tambaye su ko sun yarda za su taimaki iyayen nan su goyi yaron cikin tsoron Allah. Majami'a duka ta amsa da murya ɗaya. Kai ma ka amsa. Na fi shekara 25 ina yin wannan tambaya, ban taɓa jin wanda ya ce bai yarda ba.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne inda alkawarin nan yake kwana bayan an watse. Ranar Litinin da asuba uwar za ta goya jaririn ta nufi gona ko kasuwa. Bayan shekara biyu ya yi nauyin goyo, wataƙila ma ya yi ƙane, sai a bar shi a gida. A hannun wa? Wa zai ba shi abinci a kan kari, wa zai yi hira da shi, wa zai janye shi daga bakin rijiya, wa zai fara nuna masa baƙi da ƙidaya kafin ya isa shiga firamare? Idan amsarka ita ce wannan ruwan iyayensa ne, to, sai ka tambayi kanka abin da kake nufi ranar da ka ce ka yarda.

Mabuɗi a aljihuna

Bari in fara da laifin kaina, don kada ka ga kamar kai nake nunawa da yatsa. A farkon hidimata, a wata ƙaramar ikkilisiya da ke bayan gari, akwai wata gwauruwa mai 'ya'ya uku. Da suyar awara a bakin tasha take ciyar da su. Babbar 'yarta shekararta bakwai, ita aka cire daga makaranta don ta zauna da ƙannenta. Autan kuwa ni da kaina na karɓe shi na yi masa addu'a a gaban jama'a, watanni kaɗan kafin ubansa ya rasu. Wata Laraba da hantsi yarinyar ta ɗora ruwan zafi, ta shiga ɗaki ɗauko garin kunu. Kafin ta fito yaron ya tako ya jawo tukunyar. Hannunsa na dama ya saluɓe tun daga kafaɗa har gwiwar hannu.

Na same su a asibiti da yamma. Na yi wa uwar jaje, kuma, Allah ya gafarta mini, na ƙara da nasihar cewa bai kamata a riƙa barin yara su kaɗai da wuta ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Baba Fasto, in na zauna da su, me za su ci?" Na rasa ta cewa. A hanyata ta komawa gida na sa hannu a aljihu, sai na taɓa mabuɗin majami'a. Tsakanin ƙofarta da ƙofar gidan matar nan bai kai taku ɗari ba. Ɗaki ne mai faɗi, mai sanyi, da bencina da randar ruwa, yana kulle tun yammacin Lahadi in ban da 'yan sa'o'in addu'ar tsakiyar mako da na koyon waƙa. A cikin membobinmu akwai tsofaffin mata da suke wuni a zaune ba abokin hira, akwai malamar firamare da ta yi ritaya, akwai samari da 'yan mata da suka gama sakandare suna zaman jiran sakamako. A wannan makon kuwa, abin da ya cinye taron dattawanmu shi ne yadda za a tara kuɗin sabuwar lasifika.

Ba wanda ya nufi yaron nan da mugunta. Dukanmu muna ƙaunarsa, kuma kowannenmu ya ɗauka kula da shi aikin wani ne.

Ɗa na kowa ne

Haka Hausawa suka ce, kuma waɗanda muka tashi a babban gida mun ga gaskiyar maganar da idonmu. Yaro yana da uwa, yana da kaka, da goggo, da inna, da matar baffa. Kowace tukunya aka sauke a gidan yana da rabo a ciki. In ya yi ɓarna a waje, dattijon da ya gan shi ya tsawata masa, uban kuma ya je ya yi godiya. Da dare a taru a tsakar gida, tsohuwa ta buɗe bakin tatsuniya, a yi kacici-kacici, a ƙidaya taurari. A wannan tabarma yaro yake koyon harshe, da gaisuwa, da jira har a zo kansa, da bambanta wayon gizo da gaskiya. Makaranta ce, ko da yake ba wanda ya kira ta da wannan suna.

Yau mutanenmu da yawa suna zaune a ɗakin haya guda a Kaduna ko Jos ko Kano, ko a unguwannin da ke kewaye da Abuja. Kaka tana ƙauye. Wasu rikici ne ya raba su da garuruwansu, suka sauka inda ba su san kowa ba. Maƙwabci yana tsoron yi wa ɗan wani magana don kada ta zama rigima. Karin maganar ya rage a bakinmu, gidan da ya haife shi kuwa ya watse.

Akwai kuma wani haɗari a cikin maganar ita kanta. Ka tuna da abin da Luka ya ba mu labari a sura ta 2, sa'ad da Yusufu da Maryamu suke komowa daga Idin Ƙetarewa. Yini guda suka yi suna tafiya, suna tsammani Yesu yana cikin ayari tare da dangi da idon sani. Sai da suka neme shi suka gane ba ya wurin kowa. Shi dai shekararsa 12, kuma a Haikali suka same shi bayan kwana uku. Namu yaran shekararsu biyu ko uku, kuma a bakin murhu ko bakin titi ake samunsu. Ɗan da aka ce na kowa ne, muddin ba a kira sunan wanda zai tsaya a kansa yau ba, zai iya wuni ba shi da kowa.

Ikkilisiyar farko ta fuskanci irin wannan. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, an yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci na kullum. Jama'ar nan suna da ƙauna, har sayar da gonakinsu suke yi don matalauta, duk da haka wasu suna kwana da yunwa. Manzanni ba su tsaya ga yin wa'azi a kan ƙauna ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, aka san sunayensu, aka ɗora musu hannu, aka danƙa musu aikin. Ƙaunar da ba a ba ta suna da rana da lokaci ba, takan tsallake mafi rauni, kuma ba wanda ya fi ƙaramin yaro rauni a cikin jama'a.

Hannaye nawa suka ɗauki Musa?

Mukan karanta labarin Musa mu yi sauri mu kai ga kurmin da ke cin wuta da rabuwar teku. Koma baya ka ƙidaya hannayen da suka ɗauke shi tun bai iya cewa komai ba. Akwai ungozoma biyu, Shifra da Fuwa, waɗanda suka ji tsoron Allah fiye da umarnin Fir'auna, suka bar 'ya'ya maza da rai. Akwai uwarsa Yokebed, da ta ɓoye shi wata uku, sa'an nan ta shirya masa kwando ta dalaye shi don kada ruwa ya shiga. Akwai yayarsa, da ta tsaya daga nesa tana gadi. Akwai baiwar da aka aika ta ɗauko kwandon daga cikin ciyayin bakin kogi. Akwai 'yar Fir'auna, da ta ji kukansa ta ji tausayi, ko da yake ta gane ɗan Ibraniyawa ne. Mata shida ke nan. Da ɗaya daga cikinsu ta ce ba ruwanta, da labarin ya ƙare a cikin Kogin Nilu.

Lura da abu biyu a nan. Na fari, uwar Musa ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma ƙoƙarinta wata uku kaɗai ya iya ɗauka. Akwai lokacin da uwa ta gari takan kai bango, ba don sakaci ba, sai don abin ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Na biyu, da aka mayar mata da ɗanta ta shayar da shi, har lada aka yanka mata. Taimakon da Allah ya shirya bai raba yaron da uwarsa a shekarun shan mama ba. Ya ba uwar abin da za ta tsaya a kai ne ta yi aikinta.

Haka abin yake a wurare da yawa cikin Nassi. Da Rut ta haihu, Na'omi ce ta rungumi jaririn ta zama mai renonsa, matan unguwa ne kuma suka raɗa masa suna Obida, wanda ya zama kakan Dawuda. Da Ataliya ta tashi hallaka zuriyar sarauta, goggon Yowash, Yehosheba, ita ta sace shi tare da mai renonsa, aka ɓoye shi shekara shida a Haikalin Ubangiji har ya hau gadon sarauta yana ɗan shekara bakwai. Ka ga, ɗakin sujada ya taɓa zama ɗakin reno, Allah kuwa bai ce an ƙazantar da shi ba. A Maimaitawar Shari'a sura ta 31, da Musa ya ba da umarnin a riƙa karanta Shari'a a gaban jama'a kowace shekara bakwai, ya lissafta waɗanda za a tara: maza, da mata, da yara, har da baƙon da ke zaune a cikinsu. Tun farko Allah bai ware ƙanana daga taron jama'arsa ba.

Waɗanda suka tare hanya

A Markus sura ta 10, mutane suna kawo yara wurin Yesu don ya taɓa su. Luka ya ƙara mana haske cewa har da jarirai. Waɗanda suka tare hanya ba Farisiyawa ba ne, ba kuma sojojin Roma ba. Almajirai ne, ma'aikatan hidima, mutane irina. A ganinsu suna kiyaye lokacin Malam ne don manyan al'amura. Markus ya ce Yesu ya ji haushi, ya umarta a bar yaran su iso gare shi, ya rungume su, ya ɗora musu hannu ya sa musu albarka. Ba da daɗewa ba kafin wannan, a Kafarnahum, da almajiran suke gardamar wane ne babba a cikinsu, ƙaramin yaro ya ɗauko ya tsayar a tsakiyarsu, ya nuna musu cewa karɓar irin wannan yaro saboda sunansa daidai yake da karɓarsa shi kansa.

Yau ba mu cika korar yara da baki ba. Da kasafin kuɗi muke korarsu. Ɗauki rahoton kuɗin ikkilisiyarku na bara ka duba abin da aka kashe a kan kayan kiɗa, da tayil, da liyafar baƙi, ka gwada da abin da aka kashe a kan yaran da ba su kai shekara shida ba. Duba inda ake ajiye su lokacin sujada, ko a inuwa ne ko a rana, da wanda aka bar musu, ko wanda aka horar ne ko wanda ba a sami wani aikin ba shi ba. Ba ina cewa kayan kiɗa zunubi ba ne. Amma rahoton kuɗi yakan faɗi abin da muka ɗauka babba fiye da yadda wa'azinmu yake faɗa.

Me ya sa ba za a jira firamare ba?

Wani zai ce, yaro ɗan shekara biyu me ya sani? A bari ya yi wayo tukuna. Kakanninmu sun riga sun amsa da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masu binciken lafiya da na ilimi kuma sun tabbatar. Wajen shekara 5 zuwa 6 ƙwaƙwalwar yaro ta riga ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Likitoci suna ba kwana 1,000 na farko muhimmanci na musamman, wato daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2, domin tsumburewar da rashin abinci mai gina jiki ya jawo a wannan lokaci tana da wuyar gyaruwa daga baya. Shi ya sa ake nanata nono zalla har wata 6, da kammala allurar rigakafi, da kwana cikin gidan sauro.

Ƙwaƙwalwa kuma ba abinci kaɗai take ci ba. Tana girma da magana, da waƙa, da wasa, da fuskar babba mai amsa wa yaro in ya yi gwaranci. A shekarun 1986 da 1987 an fara wani bincike a Kingiston, babban birnin ƙasar Jamaika, a kan yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda suka tsumbure, 'ya'yan matalauta. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan kimanin shekara 20 aka sake nemo yaran. Waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ba gini aka yi musu ba, ba na'ura aka kawo ba. Mutum ne ya riƙa zuwa, mako bayan mako, ya zauna a tabarma. Mu da muke cewa zumunta a ƙafa take, wannan aiki bai kamata ya zama baƙo a gare mu ba.

Bulus ma ya san darajar shekarun nan. Da yake ƙarfafa Timoti, ya tuna masa da bangaskiyar kakarsa Loyis da ta mahaifiyarsa Afiniki, da kuma cewa tun yana ɗan ƙarami ya san Littattafai Masu Tsarki. Kafin Timoti ya sadu da manzo, ya riga ya zauna a cinyar kaka.

Uzurorin da mukan kawo

Uzuri na farko shi ne, reno aikin iyaye ne. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai sauke musu wannan nauyi a gaban Allah. Uban da ya bar wa matarsa reno duka, ya fita tun asuba ya dawo yara sun yi barci alhali yana da halin zama da su, zai ba da lissafi. Amma akwai gidan da ya zama haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Akwai gwauruwa, akwai yarinyar da ta haihu ita ma ba ta gama girma ba, akwai kakar da aka tara wa marayu huɗu. Gaya wa irin waɗannan cewa reno aikinsu ne daidai yake da nasihar da na yi a asibiti. Yakubu ya sa kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu a tsakiyar addini mai tsarki. Tambayar da Kayinu ya mayar wa Allah, ko shi ne mai tsaron ɗan'uwansa, ba ta dace da bakin mai bi ba.

Na biyu shi ne, ilimi aikin gwamnati ne. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. A Nijeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara da iliminsu kafin firamare, manufar ilimi ta ƙasa kuma ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Daidai ne mu shiga ƙungiyar iyaye da malamai, mu tambayi hedimasta da kansila ina ajin nan yake a makarantar unguwarmu. Amma yaron da yake shekara uku bana ba zai tsaya a shekara uku yana jiran amsa ba. Ka kuma tuna daga ina muka fito. A ƙauyuka da yawa na Filato, da kudancin Kaduna, da Adamawa, makarantar farko rumfar ciyawa ce ta mai bishara, inda iyayenmu suka koyi baƙaƙe domin su karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. Makarantar Lahadi kanta haka ta samo asali: a 1780, a birnin Gulosta na ƙasar Ingila, Robert Raikes ya ga 'ya'yan matalauta da suke aikin ƙarfi kwana shida suna gararamba ranar Lahadi, sai ya nemi mata ya biya su suka riƙa koya musu karatu. Koyar da ƙanana gadonmu ne.

Na uku shi ne, mu kanmu talakawa ne. Na sani. Na yi hidima a inda baikon Lahadi bai isa sayen buhun siminti ba. Amma da yayyafi kogi kan cika. Ikkilisiyar da ba ta da kuɗi tana da ɗaki, tana da inuwar bishiya, tana da tsofaffi, tana da gero da gyaɗa da waken suya da zogale a lokacin kaka. Yaro ba ya bukatar kayan wasa daga kanti. Motar kara, da murfin kwalba, da tsakuwar ƙidaya, da gawayin zane sun isa a fara.

Kashedi

Kada mu buɗe ƙofa da gaggawa mu mance cewa yaro amana ne. Hannatu ta kai Sama'ila ɗakin Ubangiji a Shilo, amma a wannan ɗaki ne 'ya'yan Eli suke aikata mugunta, ubansu kuma ya kasa hana su. Kasancewar mutum a majami'a ba ta isa shaidar cewa za a danƙa masa yaro ba. Ubangijinmu ya yi magana mai nauyi a kan wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, har ya ambaci dutsen niƙa da zurfin teku. Saboda haka kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara. A riƙa zama biyu-biyu, ƙofa a buɗe, iyaye kuma su shigo duk lokacin da suka ga dama. Wanda aka samu da cutar da yaro kada a rufa masa asiri da sunan kare mutuncin ikkilisiya. A kai maganar ga hukuma. A ajiye bulala. A rufe rijiya, a nisanta murhu, a tanadi masai mai tsabta da ruwan wanke hannu. Mefiboshet ɗan shekara biyar ne sa'ad da mai renonsa ta ɗauke shi a firgice tana gudu ya faɗi, ya gurgunce har ƙarshen ransa. Kyakkyawar niyya ba ta hana yaro faɗuwa.

Akwai kuma taimakon da yake cuta a ɓoye. Wasunmu sukan ɗauko ɗiyar ɗan'uwa daga ƙauye da sunan riƙo, da alkawarin makaranta, sai ta koma mai renon 'ya'yansu da wanke-wanke, nasu suna aji ita tana tsakar gida. In akwai irin wannan yarinya a gidanka, ita ma ɗaya ce daga cikin ƙananan da ake magana.

In kuma maƙwabcinka wanda ba Kirista ba ya kawo ɗansa, karɓe shi da hannu biyu, ka gaya wa iyayensa a fili abin da ake koyarwa, kada ka mai da kunu ya zama tarko. 'Yar Fir'auna ba ta tambayi addinin jaririn ba kafin ta ji tausayinsa. Mun ci alherin baƙuwa a kan Musa; bai kamata mu hana ɗan maƙwabci namu ba.

Abin da ke hannunka

Watanni kaɗan bayan abin da ya sami yaron nan, muka buɗe majami'armu da safe, Litinin zuwa Jumma'a. Malamar da ta yi ritaya ta shugabanci aikin, zumuntar mata suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowane gida ya kawo mudun hatsi a ranar godiyar kaka don kunun yara. Wata ma'aikaciyar lafiya daga cikinmu takan zo ta duba katin rigakafi. Ba zan ɓoye maka ba, abin bai tafi sumul ba. Da damina ta sauka masu sa kai suka koma gona, har muka rufe na wani lokaci. Sai da muka yarda cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa, muka yanka wa mata biyu ɗan albashi daga baikon wata, sa'an nan aikin ya zauna. Yarinyar nan ta koma makaranta. Tabon da ke hannun ƙanenta kuwa bai goge ba, kuma duk lokacin da ya miƙo mini hannun nan mu gaisa, nakan tuna cewa mun makara.

Kai ba lalle ne ka makara ba. Wataƙila ba kai ne fasto ba, ba ka kuma cikin dattawa. Amma ka san wani gida a layinku inda ake barin ƙanana su kaɗai. Ke 'yar'uwa, kin san matar da ta daina zuwa sujada don kunyar kukan ɗanta. Kai baba, ke mama, da kuke ganin ƙarfinku ya ƙare, bakinku cike yake da tatsuniya da waƙa da labaran Nassi waɗanda jikokin wasu ba su taɓa ji ba. Kai saurayi mai jiran sakamako, sa'o'i biyu na safiyarka za su iya zama farkon karatun wani. Fara da yaro ɗaya wanda ba naka ba. Koyi sunansa, ka je gidansu a wannan mako, ka tambayi uwarsa wace rana ce ta fi yi mata wuya. Sa'an nan ka kai maganar taron ikkilisiya, ka tambaya a hannun wa mabuɗin yake.

Nan gaba kaɗan za a sake ɗaga wani jariri a gabanka, fasto ya sake yin tambayar nan. Kafin ka amsa, ka san ranar da za ka bayar da abin da za ka kawo.

Addu'a

Ya Uba na sama, kai da ka aiko Ɗanka cikin duniya jariri, ka sa shi a hannun mutane su rene shi, ka gafarta mana alkawaran da muka yi a gabanka muka mance. Ka gafarta mana lokutan da muka tare wa ƙanana hanya muna tsammani hidima muke yi maka. Ka buɗe idanunmu mu ga yaran da ke kewaye da mu, ka ƙarfafa iyayen da suka gaji, ka ta da masu reno da malamai masu tsoronka, ka tsare kowane yaro daga hannun mai cuta. Ka nuna wa kowannenmu yaron da kake so ya tsaya a kansa, ka kuma ba mu aminci mu tsaya har ƙarshe. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.